Fitilun da Kawu Ya Ɓoye a Gindin Ɗorawa

Daga Allah muke, gare shi kuma Kawu ya riga mu komawa, wata safiyar Talata ana yayyafi. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar gidansa na unguwar Magajiya ya cika har ƙofar maƙwabta. Ni kuwa ina tsakar gida ina kai ruwa ina kwashe kofuna.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya riƙe game da shi. Dattawan unguwa suka ce mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Gaskiya suka faɗa, amma da saura, don ni an ji kaina da shi. Wata maƙwabciya ta share ido ta ce, "Allah ya jiƙan mai kallon bango." Mata suka murmusa cikin hawaye. Duk unguwar an san shi da wannan hali: zai fito za shi masallaci, sai ya ja ya tsaya yana kallon inuwar katanga, har a tada salla yana nan.

Da yawansu ba su san takamaiman sana'arsa ba. Wasu su ce mai hoto ne, wasu su ce injiniya. Abin da yake yi shi ne, masu gina rukunin gidaje a Abuja su kawo masa zanen gini, shi kuma ya gina shi a cikin kwamfuta, da titinsa, da itatuwansa, da tsaunukan bayansa, da sararin sama, tun ba a haƙa tushe ba. Hotunan nan da kuke gani a manyan allunan talla a bakin hanya, irin su ne. Ni ma sana'ata ke nan, kuma a wurinsa na koya.

Wani direba Bakatsine da ke haya a gidan da ke kallon nasu ya nemi iso ya yi wa matar Kawu gaisuwa. Ya durƙusa a bakin zaure, ya gama addu'a, amma ya ƙi tashi. Sai ya zaro waya ya miƙo mata.

"Hajiya, kin ga wannan? Gidana ne. Fili kawai gare ni a ƙauyenmu, ko bulo ɗaya ban aza ba. Baba marigayi ya tambaye ni ina gabas take a filin, ya kuma tambaye ni da wane lokaci nake so in riƙa zama a ƙofar gida. Na ce bayan la'asar. Shi ne ya yi mini la'asar." Ya nuna hoton da yatsa. "Duk ranar da goslo ya riƙe ni a Zuba, sai in buɗe in shiga gidana."

Inna, wato mahaifiyata, ita ce yayar Kawu, su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Ita ba ta ɗaga murya ba tun safe. Sai da mutane suka ragu ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "To, gonar fa? Wa zai nuna mini gonar?"

Gonar da take nufi ta mahaifinsu ce, can gindin dutsen Zuma, inda suka tashi. An daɗe da sayar da ita, an yanka ta filoti-filoti, yau in ka je shaguna ne da gidajen haya da wurin wankin mota. Ko hoto ɗaya babu na yadda take a da. Shekaru ke nan Kawu yana sake gina ta a kwamfutarsa saboda Inna, bai kuwa taɓa cewa ya gama ba. Idon Inna kuma tafiya yake. Hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Da ta yi mini tambayar nan sai na ji nauyin gonar ya sauko a wuyana, ni da ko kaina da ƙyar nake ɗauka.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Ranar da na fara zuwa koyon aiki, na zaci zai zaunar da ni gaban kwamfuta. Ina! Farar takarda ya ɗauka ya ja ni gindin mangwaron ƙofar gida.

"Uwata, inuwa wane launi ne da ita?"

Na ce, "Baƙi mana."

"A'a, dubi dai."

Ya kifa takardar kusa da ƙasa ya ce in leƙa ƙarƙashinta. Sai ga ta ta yi ja-ja. Ya ɗaga ta sama kusa da ganye, ta koma kore-kore. Ya ce, "Kin gani? Haske ba ya sauka ya zauna. Ya daki ƙasa ya kwaso launinta, ya daki bango ya kwaso nasa, ya shiga inuwa da su. Kwamfutar nan tawa ba ta san haka ba. Ni ne zan yi mata ƙarya har ta yi kama da gaskiya."

Haka abin yake kuwa. Tsohuwar manhajar da yake aiki da ita, in ka sa mata rana, inda ranar ta taɓa ya yi fari tas, inda ba ta taɓa ba ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, bakin inuwar kuma kamar an yanka da wuƙa. Sai mutum ya bi lungu-lungu yana dasa ƙananan fitilu waɗanda ba a ganinsu a hoto, haskensu kawai ake gani. Wata a ƙarƙashin baranda, wata a cikin ganye, wata mai ɗan ja-ja a kwance a ƙasa tana kallon sama. Yakan ce, "Allah rana ɗaya ya kunna ta ishi duniya. Ni kuwa sai na kunna fitilu barjat, ban kamo ƙafarta ba."

In ya gama dashe-dashensa sai ya danna, kwamfutar ta fara fitar da hoton layi-layi daga sama, tana gurnani kamar injin markaɗe. Wannan jiran shi yake kira girki. "Bar ta ta dafa," in ji shi. Wani girkin yakan cinye yini guda. Sau nawa hoto ya kawo rabi a ɗauke wuta, komai ya tafi? Ni in yi ta tsinuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "To, dama inuwar can ba ta yi mini ba," ya tashi ya ɗauro alwala.

Da na sami aiki a wani kamfani a Abuja aka ba ni laftof da sabuwar manhaja. Ita wannan ba ruwanta da dashen fitila. Ka gaya mata garin da kake, da wata, da lokaci, ita za ta sa rana inda ya kamata, ta lissafa duk inda haske zai daka ya dawo, har ɗan shuɗin nan da ke kwanciya a jikin tsauni mai nisa. Kana motsa abu kana ganin sakamakonsa nan take. Na kawo masa ita da ɗokina wata Asabar, na ɗauki wani gida da ya sha wahalarsa, kafin shayinsa ya huce na fitar.

Ya gyara tabarau ya matso. Ya daɗe yana duban ƙarƙashin barandar, inda jan ƙasa ya haska silin da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Na shirya jin kushe. Sai ya ce, "Ta fi ni." Ya sake dubawa ya ce, "Wallahi ta fi ni, Uwata. Abin da na yi shekaru ina lallaɓawa, ita an haife ta da shi."

Ba na so a mayar da Kawu irin tsofaffin nan masu cewa komai na da ya fi. Bai taɓa faɗin haka ba. Ya gwada koyon sabuwar, kwamfutarsa ta kasa ɗauka, shi ma kuma ƙarfin ya ja baya. Kamfanoni suka rage kiransa, daga baya suka daina gaba ɗaya. Wani oga da suka yi shekaru tare ya ce masa a waya, wai hotunansa yanzu kamar na wasan yara suke. Matar Kawu ce ta gaya mini, shi bai faɗa ba. Abin ya ci masa rai, na gani a tafiyarsa. Daga nan ba abin da ya rage a tsohuwar kwamfutar sai gona.

Duk ranar Alhamis yakan aiko mai Keke, wato adaidaita-sahu, ya ɗauko Inna daga gidana a unguwar Hashimi, ta yini a wurinsa. Ni ina can Abuja, na fita tun asuba, ba na dawowa sai an yi magariba, kaina na sarawa. In na tambaye ta, sai ta ce, "Yau mun sa rumbu." Wani makon, "Ya gyara kunyoyin doya, sun yi kusa da juna da yawa." Wata na bin wata, ido na raguwa, hoto bai fito ba.

A kan wannan muka yi faɗa, kuma faɗa na gaske. Na je na same shi na ce, "Kawu, ka ba ni gonar nan in zuba ta a tawa. Yini ɗaya na gama, a buga babba, a sa a firam, a rataya mata a ɗaki. Idon Inna ba zai jira girkinka ba."

Ya ce, "Ba za a buga ba tukuna."

"Sai yaushe? Sai ta makance?"

Ya cire tabarau ya ajiye. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Ke kika san ciwon idon Yaya, ni ban sani ba ko?"

"To me ake jira? Kai da bakinka ka ce tawa ta fi."

"Ta fi a aikin kamfani. Wannan ba na kamfani ba ne."

Na ce taurin kai ne kawai, da ƙyashin a ce yarinya ta ƙarasa abin da ya gagare shi. Ya ce in na gama in ja masa ƙofa. Na ja ta kuwa, da ƙarfi. Muka yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu, har ranar da ya aiko mini da gasasshiyar masara a leda, ba saƙo ba komai. Haka yake ba da haƙuri, haka kuma yake karɓa. Maganar gona dai ba mu sake tayar da ita ba har ya kwanta.

Bayan sadakar bakwai na roƙi matar Kawu ta buɗe mini ɗakin aikinsa. Ta ce, "Shiga, ni ba na iyawa." Hularsa na nan a kan akwatin kwamfutar. Na kwashe gonar na zuba a laftof ɗina: ƙasar, kunyoyin, rumbun, babbar ɗorawar da ke tsakiya, da tabarma da buta a gindinta inda kakanmu yake zama, ga Zuma a baya ya tokare sama. Fitilunsa ba su biyo ba, ban kuwa damu ba, tunda ba a bukatarsu. Na sa la'asar ta ƙarshen damina na danna.

Ba yabon kai ba, ban taɓa fitar da abu mai kyan wannan ba. Rana ta kwanta a gefen dutsen, jikinsa ya yi ruwan toka mai ɗumi, ganyen dawa na sheƙi, inuwar ɗorawa ta yi sanyi mai zurfi, gefenta ya narke a hankali cikin hasken fili. Matar Kawu ta gani ta rufe baki da mayafi ta ce, "La ilaha illallahu, kamar mutum ya taka ya shiga." Na je aka buga mini babba, na kawo gida da murnata, na jingina shi a bango inda haske yake, na zaunar da Inna a gabansa.

Ta duba. Ta karkata kai hagu, ta karkata dama, yadda take yi yanzu in tana neman abu.

"Na ga dutse," in ji ta. "Na ga sama."

"Ga ɗorawa nan a tsakiya, Inna. Ga tabarmar Kaka."

"Ina?"

Na ɗora yatsa a kai. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Sannan ta koma ta jingina ta ce, "Duhu ne kawai a nan, 'yar nan. Kin kashe masa fitilun ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki akwai fitilu?"

"Ni da ake kunna su domina?" Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ai na daɗe ba na ganin abin da ke cikin inuwa. Ko ke in kin tsaya a zaure, muryarki nake ganewa. Na hana shi gaya miki. Kina fita da duhu kina dawowa da duhu, in ƙara miki da nawa? Duk Alhamis sai ya zaunar da ni ya ce, Yaya, kina ganin tabarmar Baba? In na ce a'a, ya ƙara wuta, mu jira girki. In na ce na gani, sai ya bar shi haka. Wata Alhamis ɗin kuma ta ɓace, ya sake ƙarawa. Na ce masa ya buga mini a takarda in huta da zirga-zirga, ya ce, Yaya, takarda ba a ƙara mata haske."

Na tashi na shiga bayi na buɗe famfo don kada ta ji ni. Haushi nake ji, na rasa na wa. Na Inna da ta ɓoye mini, na Kawu da ya gwammace in kira shi mai taurin kai da ya karya alƙawarin yayarsa, da na wannan hanya ta Abuja da ta cinye ni har uwata ta daina ganina a zaure ban sani ba.

Na gwada dasa fitila a sabuwar manhajar. Tana karɓa, amma sai ta bi ta da gaskiyarta: hasken ya daki ƙasa ya watsu, ya hau kututture, ya shiga ganye, komai ya yi fari-fari iri ɗaya, gefuna suka narke. Inna ta ce kamar an zuba koko a faranti. Ita tsohuwar, saboda rashin wayonta, inda ka ce haske ya tsaya nan yake tsayawa. Tabarma ta yi fari, ƙasar da ke gefenta ta zauna baƙa, tsakaninsu kamar yankan wuƙa. Wannan kaifin da oga ya kira wasan yara, shi kaɗai idon Inna yake iya kamawa.

Ranar Alhamis na ce wa ofis ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya ba. Na kira mai Keke, muka tafi Magajiya ni da Inna. Matar Kawu ta share ɗakin ta kawo mana kunu. Na ɗauke hular na ajiye a gefe, na kunna kwamfutar, ta yi tari ta kama gurnaninta. Da na buɗe gonar sai ga su: fitilu cunkus a gindin ɗorawa, wata kan wata, duk sun sunkuya a kan tabarma ɗaya da buta. A idon ɗan sana'a abin kunya ne. Haske ne da ba shi da asali, ba daga rana ba, ba daga sama ba. Da na kai wa ogana irin wannan, da ranar zan bar aiki.

Na fitar da shi yadda ya bar shi. Muka jira, hoton na saukowa layi-layi. Inna ta ce, "A nan muke hirarmu, kafin hoton ya gama saukowa." Ta ba ni labarin yadda Kawu yana yaro ya hau ɗorawar nan ya kasa saukowa, ita ta hau ta sauko da shi a baya, aka kuma yi mata duka a kan hawan bishiya. Ban taɓa ji ba.

Da ya gama na juyo mata allon. "Inna, kina ganin tabarmar?"

Ta karkata kai. Ta daɗe tana dubawa. "Ta dushe. Ran da muka rabu da shi ina ganinta."

Na zana ɗan akwati a kan gindin bishiyar don nan kaɗai ta dafa, na ƙara wa fitilun ƙarfi. Muka jira.

"Ƙara."

Na ƙara. Aka ɗauke wuta, matar Kawu ta sa aka tada janareto, muka faro daga farko. Kunun ya huce. Bayana ya riƙe, idona na zafi, a kujerar da ya yi shekaru yana wannan zaman ban sani ba.

"Ƙara kaɗan."

Tabarmar ta yi fari har saƙarta ta ɓace, ni kam ba na ganin komai a wurin sai wani farin abu mai kusurwa huɗu. Sai Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Ga ta nan." Ta kai yatsa ta taɓa allon, daidai wurin, ba lalube. "Ga butar ma. Nan yake ajiye ta, ta hannun dama."

Ta daɗe yatsanta na wurin. Ni kuma ina duban ma'aunin fitilun, na ga saura ƙiris ya kai ƙarshe. In ya kai sai in dasa wata, in ita ma ta cika in dasa wata, har ranar da ba fitilar da za ta isa. Na san ranar na zuwa. Kawu ma ya sani, bai kuma fasa ko Alhamis ɗaya ba.

Inna ta sauke hannu ta shafa fuska ta ce, "Ya Allah, ƙanena ya shiga inda ba taga. Yadda ya yi ta ƙara mini, kai ma ka ƙara masa, kada ka tsaya sai ya ce ya gani."

Muka ce amin, ni da matar Kawu da ke tsaye a bakin ƙofa. Na adana aikin, na kashe kwamfutar, na mayar da hular inda take. A waje na ce wa mai Keke ya dawo mana Alhamis mai zuwa.